Bangon Da Aka Bari Da Ƙishirwa

Shin Malam ya san ba zai dawo ba, safiyar da ya tsaya a bakin ƙofa yana nuna min bulon nan da sandarsa? Na tambayi kaina a cikin takaba, na tambayi kaina a cikin mota, na sake tambaya a bakin maƙabartar da aka sa shi a ƙasar Benin. Har yau ban samu amsa ba.

Tun da na dawo mata ke shigowa ɗaya bayan ɗaya. "Inna Kulu, ƙaƙa can take? Mi kinka gani?" Duk wadda ta tambaya sai na faro daga farko, kuma ban taɓa kai ƙarshe ban yi kuka ba. Shi ya sa na kira maƙwabciyata Malama Saratu ta zo da alƙalami, tunda ni ban san baƙi ba. Wanda ya sake tambaya, a karanta masa.

Mijina mai buga bulo ne a nan Bagudo. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗa yana raye ba, ba zan fara yanzu ba. Da injinan shinkafa suka yawaita, ɓuntun da suke ƙonawa ya riƙa tara tsibin toka a bayan gari, iska na kwasa tana zuba wa mutane a ido. Siminti kuwa ya yi tsadar da mutum zai kai ɗaki rabi ya tsaya. Sai aka tara magina a Birnin Kebbi aka nuna musu cewa tokar nan tana iya tsayawa a madadin wani kaso na siminti. Malam da furfurarsa ya je ya zauna cikin yara ya koyo.

Ba kowace toka yake ɗauka ba. Baƙa ba ta yi, sai mai fari-fari kamar gashin tsoho. Ni nake tankaɗe masa da rariyata. Yana haɗa ta da kashin ƙarfe, wato dattin da ke saura idan an narka ƙarfe, irin wanda muke ce wa kashin maƙera, sai dai nasa direbobi ke kawo masa daga masana'antun kudu, a niƙa ya zama gari. Sannan ya sa siminti da yashi. Mutanen gari suka sa masa Mai Tuwon Toka. Ya kan yi dariya ya ce ai ko tuwo ne yana da masu ci.

Ɗakina na ƙasa ne, kuma ruwan bara waccan ya tsaga shi daga sama har ƙasa. Malam ya ce da bulonsa zai gina min sabo. A tsakar gida ya buga su, ƙarƙashin darbejiya, ya jera, ya lulluɓe da tsofaffin buhuna. Bai daɗe da gamawa ba manoman shinkafa na tsallaken iyaka, a Benin, suka aiko. Su ma toka ta yi musu yawa, suna son ya gina musu sito. Ya tafi ya bar min aiki ɗaya, in riƙa ba bulon ruwa. Can zazzaɓi ya kama shi. Kafin labari ya iske mu ta waya an riga an rufe shi.

Takabata a kan bulon nan na yi ta. Kullum bayan sallar asuba in ɗauki bokiti da ƙwarya in bi layi-layi ina yayyafawa, da la'asar in sake. Masu gaisuwa suka gama zuwa, gida ya yi shiru, ya rage daga ni sai ƙarar ruwa a kan buhu. Na ji wata a bayan katanga tana cewa, "Tsohuwag ga ta zauce, duwatsu taka ba ruwa awa gonar albasa." Na ci gaba da yayyafina.

Da na fita takaba, babban ɗana Magaji ya zo ya durƙusa. Shi ne ya je can ya kwaso kayan ubansa. Ya ce damina ta matso, zai gina min ɗaki, amma da bulon siminti zalla. Na Malam kuwa a cike kududdufin ƙofar gida da su.

Na ce, "Bulon ubanka za ka zuba ma awaki su taka?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Inna, na ɓoye miki don kina cikin takaba. Na ga siton da Baba yag gina da idona. Na sa farce ga bango, yaz zubo awa gari. Mutanen can ma sun daina aikin. Ba ni sa uwata ƙarƙashin toka."

Ban ga laifinsa ba. Ɗa ne ke jin tsoron bango ya faɗa wa uwarsa. Amma idan na yarda, to Malam ya mutu a matsayin Mai Tuwon Toka ke nan, kuma ni na sa hannu. Na ce zan je in gani da idona. Idan abin da ya faɗa haka yake, ni da kaina zan fara jefa bulo a kududdufi.

Tun da aka kawo ni Bagudo daga Geza ban taɓa wuce Birnin Kebbi ba. Sai na nemi Tumba, ƙawata, 'yar Sarkawa masunta, mai fataucin bandar kifi, wadda ke shiga Benin kamar ɗakin girkinta kuma tana jin Dandanci, yaren mutanen can. Ta ce, "Kulu, mata na tahiya biki, ke za ki tahi gaida bango. To, mu tahi, ban taɓa ganin bango ya amsa sallama ba." Na bar wa surukata bokiti da ƙwarya, na nanata mata har ta gaji.

Motar da muka shiga ta mutum bakwai ce, aka zuba mu kamar kifin Tumba a kwando. An ɗora min akuyar wani Bafulatani a kan ƙafafu. Da muka hau gadar Tuga na rufe ido, don ni da ruwa ba ma shiri. Tumba ta dungure ni ta ce in buɗe in ga kogin Kwara, wai uban Sarkawa ne ke wucewa. Na buɗe. Na ga masunta a cikin jiragensu ƙanana, na tuna cewa Malam ya bi ta kan gadar nan sau ɗaya zuwa, bai bi ta dawowa ba. Na ja mayafi na rufe fuska. Bafulatanin ya zaci akuyarsa ce ta dame ni, ya yi ta ba ni haƙuri har Kaoje.

Bayan Kaoje taya ta fashe. Muka zauna a gindin wata tsamiya, na kwance dawon da na zo da shi, sai na tarar akuyar ta riga ni. Ta ci rabi har da ledar. Tumba ta yi dariya har ta riƙe ciki. Bafulatanin ya ji kunya, ya shiga wata ruga ya dawo da nono cikin ƙwarya, muka dama abin da ya saura muka sha mu uku. Bai tambaye ni ina za ni ba, ni ma ban tambaye shi ba. A Illo ya sauka, ya ɗaga min hannu, akuyarsa na binsa.

Na zaci iyaka katanga ce doguwa mai ƙofa. Da muka isa Lolo sai na ga igiya ce kawai aka ɗaure tsakanin ganga biyu, kaji na wucewa ta ƙarƙashi ba mai tambayarsu takarda. Jami'an ɓangarenmu sun san Tumba, suka duba katina suka ce mu wuce. Na tsallake kuwa, wani jandarma dogo mai 'yar hula a karkace ya tsayar da mu. Hausarsa a karye take. Ya ce, "Mama, ina zuwa? Kasuwa?"

Na ce, "Za ni duba bango."

Ya kira abokinsa, suka yi ta dariya da Faransanci. Tumba ta yi masa magana da Dandanci, gajeriya. Sai na ga dariyar ta ɗauke. Ya cire hular, ya ce, "Fo nda tilas, Mama." Tumba ta ce haka suke ta'aziyya, wato sannu da abin da ya zama tilas. Mu mukan ce ya haƙuri, su kuwa ba sa tambayar haƙurinka, sun san ba zaɓi gare ka ba. Na ga tasu ta fi kusa da abin da nake ji. Da hannunsa ya sauke mana igiyar.

Daga nan babur muka hau zuwa Madekali, ni da ban hau babur ba tun idona na gani sosai. Takalmina ɗaya ya faɗi a hanya, na ji kunyar in ce a tsaya, don haka da takalmi ɗaya na shiga ƙasar mutane. A kasuwa Tumba ta saya min silifa da kuɗinsu na sefa. Na ga burodinsu dogo kamar sandar makaho, ana saƙale shi a hammata ba leda. Na ga mata tsofaffi sa'o'ina suna tuƙa babur da kansu, da buhu a baya. Tumba ta ce in na ƙara kwana biyu za ta koya min. Na ce ta bari in fara koyon riƙe takalmi.

Ƙauyen da Malam ya yi aiki yana gaba kaɗan, a gefen fadamar shinkafa. Shugaban manoman, Alfa Isa, dattijo ne mai jin Hausa, shi ne ya aiko a kira Malam tun farko. Da aka ce masa ga matar magini, ya tashi tsaye. Matarsa Hamsatu ta kama hannuna ta kai ni ɗakinta. Ba ta jin Hausa, ba na jin Dandanci. Ta kawo min wani abinci baƙi wai shi wasa-wasa, na garin doya, na zaci ƙonewa ya yi, na ture gefe da dabara. Ta gane, ta ɗiba ta ci a gabana, ta miƙo min. Na ci. Yana da daɗi, amma na janye hannuna, don sai da na fara ci Tumba ta ce min wai a kwanon nan ake zuba wa Malam.

A gidan ana ta hira da dariya da yaren da ba na ji. Tumba ta shige cikinsu, ta same su da ciniki. Ni na zauna a kan tabarma kamar kayan da aka ba da ajiya. Da asuba na idar da salla, hannuna ya tafi neman bokiti da kansa. Babu bokiti, babu darbejiya. Na zauna ina tunanin ko surukata ta tashi.

Da rana ta fito Alfa Isa ya kai mu wurin siton. Yana kusa da injin shinkafarsu, ga tsibin toka a baya irin namu na Bagudo. Gini ne babba, bango huɗu, ba rufi. Ciyawa ta fara fitowa a ciki. Na ce ya kai ni wurin da ɗana ya sa farce.

Bangon gabas ne. Na sa ɗan yatsa na kankara, ya zubo a tafin hannuna kamar garin tuwo. Magaji bai yi ƙarya ba. Na zauna a ƙasa. Na ce a raina, to Kulu, kin zo kin gani, sai ki koma ki cika alkawari.

Alfa Isa ya ce, "Hajiya, tashi. Ɗanki nan yat tsaya, yaj juya yana kuka, ba mu samu mun nuna mishi sauran ba."

Ya kai ni bangon yamma, ya ɗauko wani guntun ƙarfe ya ba ni, ya ce in buga. Na buga da ƙarfin tsohuwa, ya yi ƙara kamar an taɓa turmi. Tumba ta karɓa ta ce in ba masu cin kifi wuri. Ta buga har hannunta ya yi sanyi, ko ɓarɓashi bai faɗo ba. Haka bangon kudu, haka na arewa.

Na ce, "Ba hannu ɗaya ya buga su ba?"

Ya ce, "Hannu ɗaya, kwaɓi ɗaya. Ruwa ne ya raba su." Ya zauna a kan wani bulo ya ba ni labari. Maginansu sun saba da siminti zalla, a ba shi ruwa kwana kaɗan a wuce. Malam kuwa kullum yana faɗa da su a kan ruwa. Ya kan ce siminti saurayi ne, da wuri yake tashi. Toka da kashin ƙarfe tsofaffi ne, sannu-sannu suke kamawa, kuma ba sa kamawa sai da danshi, amma in suka kama ba sa saki. Shi da kansa yake zagayawa da bokiti safe da yamma, wata guda cur ga kowane bugu. Bulon bangon gabas su ne na ƙarshe da ya buga. Kashegari ya kwanta.

Alfa Isa ya ce, "Yana kwance yana ce muna a ba su ruwa. Munka ce to. Amma hankalinmu na kanshi, ba kan bulo ba. Da ya cika munka yi zaman makoki, sai yankan shinkahwa ya taso, kowa yat tahi fadama. Rana ta gasa su. Bayan nan yara sunka ɗauka sunka gina, don a cika mishi aikinshi. Laihinmu na, Hajiya, ba nashi ba."

Na ce ba laifin kowa, tilas ce, kamar yadda kuke faɗa. Na tambaye shi me ya hana su ci gaba. Ya ce jama'a sun tsorata da suka ga bangon na zuba, wasu na cewa a rushe duka. Shi yana son a sauke na gabas kawai a sake bugawa, ya san awon, Malam ya koya musu. Sai dai ba ya da bakin da za su saurara.

Tumba ta ce, "Ga baki nan zaune. Tsohuwag ga tun ran da mijinta yat taho take ba nashi bulo ruwa, sahe da marece, har yau. Garinmu ana ce mata mahaukaciya."

Alfa Isa ya dube ni. Ya ce, "Har yau?"

Na ce har jiya da na taho, yau kuma surukata.

Ya sa hannu ya rufe baki. Ya ce, "Hajiya, ai sun ƙoshi tuni. Wata ɗaya ya ishe su. Naki yanzu sun hi dutse. Kina iya dainawa."

Da alheri ya faɗa, na sani. Amma tun rasuwar Malam ba a faɗa min maganar da ta soke ni kamar wannan ba. Kina iya dainawa. In daina in yi me da asuba?

Da yamma ya tara manoman a gindin bangon, ya sa Tumba ta maimaita musu da Dandanci. Ban ji abin da suka yi ta faɗa ba, na dai ga wani ya tashi ya buga bangon yamma, wani ma ya buga, sannan aka ɗaga hannu aka yi fatiha. Alfa Isa ya ce sun yarda a sauke na gabas, kuma mata ne za su riƙe ba da ruwa, tunda an ga wanda ya fi riƙon amana.

Kashegari na roƙi a nuna min kabarin. A can ma mata ba sa shiga maƙabarta, kamar nan. Hamsatu ta raka ni muka tsaya a bakin shinge. Alfa Isa ya shiga, ya yi nisa, ya tsaya ya ɗaga hannu. Idona ba ya kai nan. Na ga farin rigarsa, na ga tudun ƙasa da yawa iri ɗaya, ban iya ware na Malam ba. Na yi masa addu'a ta inda rigar take. Hamsatu ta riƙe hannuna har muka koma gida, ba wadda ta ce uffan, kuma ko mun ce ba mai jin wata.

Na ɗaure abu biyu a bakin zanena, garin bangon gabas da wani guntun bulo na yamma da ya saura a ƙasa. A iyaka jandarman nan ya gane ni. Ya ce, "Mama, bango lafiya?" Na ce uku lafiya, ɗaya ƙishirwa ta kashe shi. Bai gane ba, amma ya sauke igiya.

Da na iso gida na kwance zane a gaban Magaji, na faɗa masa abin da Alfa Isa ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ya murza garin, ya jujjuya guntun. Ya tashi ya je ƙarƙashin darbejiya, ya yaye buhu, ya ɗauki bulo ɗaya ya ɗaga sama da kansa ya saki. Ya faɗi, ƙasa ta lotsa, bulo bai tsage ba. Ya sake da wani daga ƙasan jeri. Sannan ya durƙusa a wurin ya daɗe, bayansa na rawa. Ni ma na shige ɗaki, don ba a kallon ɗan fari yana kuka.

An gina ɗakin da bulon Malam kafin ruwa ya sauka. A ciki nake zaune yanzu, Malama Saratu na rubutu a bakin ƙofa. An yi ruwa mai iska har sau da yawa, ko ɗigo. Masu cewa Mai Tuwon Toka wasu sun daina, wasu ba su daina ba, wasu kuma sun zo suna shafa bangon suna tambayar awo, ni kuwa tankaɗe kawai na sani.

Da magina suka zo kwasa, na ce su bar min kaɗan a ƙarƙashin darbejiya. Magaji ya dube ni, ya sa aka bar min. Suna nan da buhunsu. Na san sun ƙoshi, an faɗa min a gaban shaidu. Tumba ta ce in ba so nake su yi saiwa su haihu ba, in ajiye bokiti. Amma Alfa Isa ba shi ya ba ni aikin ba, don haka ba shi zai sallame ni ba.

Safiyar da Malam zai tafi, ya rataya jakarsa, ya sha kunu a tsaye. Ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo. Na zaci zai ce in yafe masa, kamar yadda matafiyi kan ce, ko ya ce in gaida yara. Ya daɗe yana kallona, har na ce masa mota za ta tashi. Sai ya ɗaga sanda ya nuna ƙarƙashin darbejiya, ya ce:

"Kulu, kak ki bari su sha rana. Ki dinga ba su ruwa har in komo."